Ranar da Muka Ɗauke wa Condy Wuta

Tagar kicin ɗina tana kallon gidan Condy McFadden. Ba ni na sa ta a wurin ba, saboda haka duk mai cewa Dympna 'yar sa ido ce, ya je ya tuhumi magini. Abin da idona ya gani dai ya gani: tun bayan rasuwar Maisie matarsa, Allah ya jiƙanta, kullum da yamma Condy yana zaune a teburinsa da kwat da hula da mayafin wuya, kamar mai jiran mota a cikin gidansa.

Ba wai ba shi da abin ɗumama gida ba ne. Kamar kowa a wannan yanki namu na Donegal, yana da koren tankinsa na kananzir a bayan gida, da tukunyar da ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa ƙarafan ɗumi da ke jikin bangon kowane ɗaki. Murhun gidan ne dai aka toshe tun shekarar da ƙirjin Maisie ya fara ba ta wahala, hankaki suka gaje bututun hayaƙin. Mutanen gari sun yanke hukunci cewa rowa ce ta kama shi da tsufa. Ni ban yarda ba, don motar kananzir tana tsayawa a ƙofarsa fiye da yadda take tsayawa a tawa. Mai yana ƙarewa, mai gida yana rawar ɗari. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bayan Kirsimeti aka yi wata muguwar guguwa da ta kwashe turakun lantarki, ba a daɗe ba kuma ciwon haƙarƙari ya kwantar da Condy a asibiti. Ranar da aka sallamo shi, Nuala ta zo daga birnin Dublin. Ita ce 'yarsa tilo, kuma ta gaji uwarta a haɓa da harshe. Ina kicin ɗin na kawo miya, don haka ba laɓe na yi ba.

"Baba, ka saurare ni da kunnen da ke ji," in ji ta. "Na gyara maka ɗaki a gidana. In gidan nan bai yi ɗumi ba, ƙafata ƙafarka. Tumaki kuma Kawu Manus ya kai su kasuwa."

"Ɗakin nan da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta?"

"Bangon maƙwabta bai taɓa kai kowa asibiti ba."

"A'a, shi kabari yake kai mutum kai tsaye."

Washegari ta kawo wani ma'aikaci da sabuwar na'ura a kwali, wai zai cire tsohon agogon da ke kunna tukunya ya kafa ta zamani. Condy ya tsaya a bakin lungun da agogon yake, ya gitta sandarsa, ya ce wa mutumin ya zauna ya sha shayi. Bawan Allah ya sha shayi, ya ci burodi da man shanu, ya ɗauki kwalinsa ya tafi. Nuala ta yi tsalle ta dire, ta yi lallashi, ta yi faɗa, uban nata ya ƙi faɗin dalili. Da ta gaji sai ta fiddo wani ɗan farin abu kamar sabulun wanka ta ajiye a kan kanta. Ta ce wannan zai riƙa gaya wa wayarta zafin gidan dare da rana.

"Layin addu'ar gida zai zagayo kanka kafin bikin Ista," ta ce. "Ranar zan dawo. In na shigo na ga mutane zaune da kwat, da jakarka zan koma."

Gida yakan yi shekaru yana jira kafin layin nan ya dawo kansa. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya yi addu'a a kicin ɗinka, duk maƙwabta su hallara, a karya kumallo tare, kuma kafin ranar duk abin da ba ya motsi a gidan sai an shafa masa fenti. Rabon gidan Condy da addu'ar nan tun Maisie tana da ƙarfinta.

Gaskiya tsoro ya kama ni. Na san Condy tun muna 'yan makaranta yana ja mini kitso. In aka raba shi da tudun nan da tumakinsa aka kai shi bene a Dublin, ba zai ga wani Kirsimeti ba. Ni ma kuma, in ya tafi, me tagata za ta kalla?

Shi kuwa tsohon, maimakon ya gyara, sai ya shiga yaƙi da ɗan farin abin, wanda ya raɗa wa suna Ɗan Rahoto. Da farko ya cusa shi cikin hular da ake rufa wa butar shayi don kada ta huce. Nuala ta bugo ta ce abin mamaki, gidan ubanta ba ya yin ɗumi sai lokacin shan shayi, kuma da alama yana shan shayi fiye da yadda likita ya ce. Sai ya canza dabara. Yana da wata ƙatuwar kyanwa da muke kira Minista, don ba ta aikin komai sai ci da kwanciya. Ya tura Ɗan Rahoto ƙarƙashin tsumman da take kwana a kai.

Da yamma wayata ta yi ƙara.

"Inna Dympna, leƙa ta taga don Allah! Gidanmu gobara yake yi?"

"Gobarar me? Ga ubanki can yana fere dankali."

"Wayata ta ce zafin kicin ɗin ya kai na jikin mutum!"

Kafin in ƙirƙiro abin faɗa, na ga Minista ta fito ta tsallaka katanga.

"To ga shi kuma yana sauka," in ji Nuala, muryarta ta yi sanyi irin na uwarta in za ta yi rashin mutunci. "Inna, ki gaya masa ina gaishe da kyanwar."

Saura 'yan kwanaki addu'ar, na gasa burodi na ce bari in kai masa da tsakar rana. Ban saba shiga a wannan lokacin ba, don tun rasuwar Maisie, in Condy ya sauko daga wurin tumaki, gidan Manus ƙanin matarsa yake wucewa ya ci abinci, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Na ɗauki makulli ƙarƙashin tukunyar fure, inda kowa ya san yake, na buɗe.

Wani ɗumi ya buge ni a fuska har sai da tabarauna ya yi hazo. Kicin, falo, ɗakin kwana, har banɗaki, ko'ina kamar gidan burodi. Tukunya tana ta gurnani a bayan gida, ɓangaren da maginin nan ya hana tagata gani. A kan ƙarfen ɗumin falo kuwa ga Minista ta miƙe ƙafafu, ta buɗe ido ɗaya ta dube ni kamar na shigo ofishinta ba izini.

Na cire kwat na zauna. Ina nan zaune ƙarafan suka fara hucewa, kafin Condy ya turo ƙofa gidan ya koma gidan jiya.

"Kai Condy, wa kake ɗumama wa gida da rana tsaka? Kyanwa?"

Ya rataye sandarsa a hankali. "Wa ya ce ki shigo?"

"Burodi ne ya ce. Zo ka nuna mini agogon nan da ka hana mutane gani."

Ya wuce gaba na bi shi lungun. Agogon wani faifai ne mai juyawa a hankali, da lambobin awoyi a gefensa, da 'yan ƙusoshi da ake sokawa: ja ta kunna tukunya, shuɗiya ta kashe. Akwai ja da shuɗiya na safe, akwai na yamma. Wata 'yar kibiya kuma tana nuna lokacin da agogon yake zaton ana ciki. Mu muna shirin kunna fitila, shi a wurinsa ko tsakar rana ba ta yi ba. Duk sanda aka ɗauke wuta sai ya tsaya cak, in an kawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, guguwar bayan Kirsimeti kuma ta ƙarasa shi. Ɗumin safe yana zuwa lokacin da Condy yake cin dankalin Manus. Na yamma yana zuwa bayan ya shige bargo ya yi nisa, kafin gari ya waye ya huce.

"Agogon nan latti yake yi, Condy. Juya faifan kawai za a yi. Ko yaron goye zai iya."

"Na sani mana. Makaho ne ni?"

"Ka sani? Ka sani ka bari sanyi ya kai ka asibiti?"

Na kai hannu. Ya riƙe mini wuyan hannu, ba da ƙarfi ba, amma ya riƙe.

"Ranar da za a tafi da Maisie asibiti," ya ce, "motar tana ƙofa, ta sa na kamo ta har nan. Ta daɗe tana soke-soken nan. Sannan ta ce, Condy, na saita shi, kada ka taɓa, kada ka bar kowa ya taɓa. Na ce to. Maganar ƙarshe ke nan da muka yi a cikin gidan nan."

Duk garin nan an san Maisie da agogonta. Shekara da shekaru ita ke mulkinsa, Condy ko ƙura bai isa ya goge masa ba. Ni da ita mun yi ƙawance mun yi faɗa, mun yi faɗa mun yi ƙawance, kuma a wannan lungun sai na ji kewarta ta taso mini.

"Me ya hana ka gaya wa Nuala?"

"Ta ce na fara ruɗewa? Ai ranar za ta sa ni a mota."

"To kai ba ka taɓa ba, ga shi ya lalace."

"Ba ni na lalata ba. Guguwa ce. Guguwa ba ta yi wa kowa alkawari ba."

Ina hanyar gida maganar ta dawo mini, na tsaya a tsakiyar titi har mai kai wasiƙu ya yi mini hon. Na juya da gudu irin na masu ciwon gwiwa.

"Condy! To mu zama guguwar mana!"

Dabarar ba wuya. A jira lokacin da jar ƙusar safe za ta kunna tukunya da tsakar rana, nan take a ɗauke wutar gidan. Agogo ya tsaya yana nuna safiya. A bar shi a tsaye har safiyar gaske ta zo ta same shi, sannan a mayar da wuta. Ba wanda ya taɓa faifai, ba wanda ya taɓa ƙusa.

Condy ya ce zai yi tunani. Ya yi tunani a kan tudu, ya yi tunani a gidan Manus, an ma gan shi a maƙabarta tsaye da hula a hannu, bakinsa yana motsi. Ina ta ciwon rai kwanaki suna tafiya. Bai amince ba sai ana gobe addu'a, lokacin da matan unguwa suka cika gidan da fenti da tsintsiya da kwanukan gashi.

Manus muka kira, don shi ya ja wayoyin gidan da hannunsa tun yana saurayi, kuma har yau yana alfahari da aikin. Muka jeru a lungu mu uku muna kallon faifai kamar masu jiran haihuwa. Can sai muka ji ƙas, tukunya ta kama.

"Yanzu, Manus!"

Ya hau kujera ya buɗe akwatin fis mai rarraba wutar gidan, ya zare ɗaya da ƙarfin hali. Tukunya ta ci gaba da gurnaninta. Daga waje wata ta ce fitilar garken tumaki ta mutu.

"Gwaji nake," in ji Manus.

"Gwaji ka yi tun ranar da ka ja wayar," in ji Condy. "Har yau in aka kunna dutsen guga ƙararrawar ƙofa sai ta yi kuka."

"Da ban ba ka yayata ba, da har yanzu da kyandir kake neman wandonka."

Ya zare na biyu, rediyo ya yi shiru. A na uku ne tukunya ta ja numfashi ta mutu, tare da ita kuma fitilun gidan duka, da firji, da tanda mai kek ɗin Fada a ciki. Ihun da ya taso daga kicin, na tabbata an ji shi a bakin teku. Manus ya ce da ma haka ya tsara, don tsaro.

Haka muka yini muna jigila. Kek ya tsallaka titi zuwa tandata a rungume cikin tawul. Naman rago da man shanu da madara suka biyo a baro. Fentin kujeru ya ƙi bushewa saboda sanyi. Matan suna ta mita, amma da labarin alkawarin ya zagaya, sai mitar ta koma raɗa, wata ma ta je ta kawo kyandirori daga gidanta ba wanda ya roƙe ta. Manus kuwa kafin la'asar ya gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya ƙirƙiro dabarar.

Abu ɗaya muka manta. Akwatin intanet ma a kan fis ɗin nan yake, kuma tun da wuta ta tafi Ɗan Rahoto ya yi gum. Wayar gidan ta mutu, ta hannun Condy tana cikin aljihun wata rigar, tawa kuma na bar ta ƙarƙashin kwanon fulawa.

Rana tana faɗuwa muka ga fitilun mota sun hawo tudu da gudu. Nuala ta faɗo kicin ko ƙofar motar ba ta rufe ba. Ta tarar da ubanta zaune cikin duhu da kwat biyu, kyandir a gabansa, numfashinsa yana hayaƙi, ni da Manus muna gefe mun yi tsuru-tsuru. Ta rungume shi tukuna, ta shafa fuskarsa, ta tabbatar da ransa. Sannan ta miƙe, haɓar nan ta fito.

"Tun daga Dublin nake kuka a hanya. Na ɗauka gawa zan tarar."

"'Yar nan, bari in yi miki bayani," na ce.

"Inna Dympna, da girmanki? Ke na bar wa amana! Kawu, kai kuma me kake ɓoyewa a bayanka?"

Manus ya fito da fis ɗin kamar yaron da aka kama da ƙwai.

Ta shiga ɗaki, muka ji ta jawo jaka daga saman kabad, muka ji aljihunan tebur suna buɗewa. Condy ya dube ni, ni kuma na zare masa ido na nuna ɗakin da haɓa. Ya tashi da ƙyar. Daga bakin ƙofa ya gaya mata, a gajarce, yadda ya gaya mini, idonsa a kan takalmansa.

Ta fito da rigarsa a hannu. "Saboda wannan? Baba, saboda faifan roba ka kusa mutuwa? Mama da kanta da ta ga haka sai ta fasa maka kai da shi!"

"Da ta fasa. Ita ai tana da iko."

Nuala ta kunna tocilar wayarta ta nufi lungu. Na ga hannunta ya tashi.

"Nuala," in ji Condy a hankali. "Don Allah."

Hannun ya tsaya a sama. Ina jin ba roƙon ne ya tsayar da shi ba, abin da ta gani ne. Ta matso da hasken, ta daɗe tana duban ƙusoshin.

"Wannan ba saitin Mama ba ne," ta ce.

"Nata ne. A gabana ta yi."

"Na girma da agogon nan, Baba. Mama ba ta kunna ɗumi da sassafe haka, takan ce mai fita wurin tumaki tafiya za ta ɗumama shi. Da dare kuma kafin labaran talabijin take kashewa, ta ce mai jin sanyi ya nemi bargo." Ta nuna shuɗiyar ƙusar yamma ba tare da ta taɓa ba. "Wannan sai bayan hasashen yanayi take kashewa. Wa ke zama kallon hasashen yanayi a gidan nan?"

Duk mun san Maisie ba ta taɓa kallonsa ba, takan ce ta taga ma ana ganin ruwan sama.

"Jar safen nan kuma kafin tashinka ce," in ji Nuala. "Ba wa kanta ta saita ba. Ta san ba za ta dawo ba."

Condy ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ta, ya mayar. Manus ya juya yana fyace hanci, ya ce warin fenti ne. Ni ban ɗora wa fenti ba, kukana na yi.

Nuala ta share ido da rigar uban nata. "Ban ce na fasa ba," ta ce. "Gobe in gani da idona." Na ce su zo gidana su kwana, Condy ya ce shi in ya fita ƙofar nan tare da 'yarsa bai san inda za a sauke shi ba. Sai na cika musu robobin ruwan zafi, na kwaso duk bargunan da na mallaka, na bar su.

Da asuba muka koma lungu, Manus da fis a aljihun rigar cocinsa. Nuala ta miƙa hannu ta ce ita za ta sa. Ta hau kujera, ido ɗaya a kan wayarta, ɗaya a kan 'yar kibiya. Da lokacin duniya ya zo daidai da na Maisie, ta danna.

Fitilu suka kama, firji ya yi tari, ƙararrawar ƙofa ta yi kuka ba kowa a waje. Tukunya kuwa shiru.

Manus ya fara ja da baya wajen ƙofa. Condy bai motsa ba, ya ɗaga yatsa ɗaya kawai.

"Ku ba ta lokaci. Ba ta son a tsaya mata a ka."

Ban tambaye shi wa yake nufi ba. Sai ga wani dogon numfashi daga bayan gida, sai gurnani, sannan bututu suka fara ƙas-ƙas daga kicin zuwa falo zuwa ɗakuna. Minista ta fito daga inda ta kwana, ta dube mu da mamakin wannan canjin jadawali da ba a shawarce ta ba, ta haye ƙarfen falo.

Kafin Fada ya iso gidan ya ɗauki ɗumi. Maƙwabta suka shigo a ƙudundune, don sun san gidan da za su, kowa da riga a kan riga. Ba a kai rabin addu'a ba aka fara kwance maɓallai. Aka tara kwat a kan gado har suka yi tudu. Fada yana karatu yana share goshi, fenti ya ji ɗumi ya saki wari, kuma da aka ce a miƙe, Manus ya miƙe da kujera manne a wandonsa na coci. Wannan kujera, in gaya muku, shi ya shafa mata fenti.

Wajen karin kumallo Fada ya ji labarin, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Amma Condy, in an sake guguwa fa?"

"Sai mu sake tamu, Fada."

"Ai da ka bar Dympna ta juya shi. Allah ba zai kama ka da wannan ba."

"Allah mai gafara ne, Fada. Maisie ce ba ka sani ba. Da ta ce kowa, Dympna take nufi."

Aka bushe da dariya, ni ma na yi, don gaskiya ya faɗa.

Da jama'a suka watse sai na ga Nuala ta mayar da rigunan uban nata cikin kabad, ta ɗora jakar a sama inda take. Ta sa Manus ya nuna mini fis ɗin, ta ɗaura masa jan zare, ta ce daga yau ni ce guguwar gidan. Ɗan Rahoto kuma ta liƙa shi a bango can sama, inda buta ba ta kaiwa, kyanwa ma haka. A bakin mota ta riƙe hannun Condy ta ce in wayarta ta sake yin gum ba sanarwa, da motar asibiti za ta zo. Ya ce ta gaida masa bangon maƙwabta.

Da yamma na tsaya a tagata ina wanke kofuna. Ga Condy a teburinsa, kwat a rataye, hula a rataye, ya naɗe hannun riga yana fere dankali. Ban taɓa lura ya yi sanƙo haka ba.

Washegari na kai masa ragowar kek, na same shi a kicin tsaye, tafin hannunsa a kan ƙarfen ɗumi.

"Yaya ka kwana, tsoho?"

"Lafiya lau." Bai ɗauke hannun ba. "Kin san, Dympna, na farka ban buɗe ido ba na ji bututu suna ƙas-ƙas, ɗaki da ɗumi. Sai na ce a raina, yau ma matar nan ta riga ni tashi."

Na ajiye kek ɗin, na ɗora buta a wuta.